Na yi azumi kwana uku a kan ɗan maƙiyina, Allah bai ce min komai ba

Wani ɗan'uwa ne ya turo min wannan tambayar, na cire sunansa da na garinsu kamar yadda ya roƙa. A taƙaice yace a rikicin bayan zaɓe na 2011 aka ƙona masa shagon walda, injinsa da janareta da ƙofofin mutane da ya gama bai kai musu ba duk suka tafi, kuma da idonsa ya ga maƙwabcin da ya nuna shagon, mutumin da kullum suke gaisawa. Ya sha wahala ya biya kwastomomi, ya sake tada shago. Yanzu mutumin yana kwance ɓarin jikinsa ya shanye, sai ga matarsa ta zo da ɗansu, wanda lokacin rikicin bai fi shekara uku ba, tana roƙon a ɗauke shi koyon walda. Ya yi azumi kwana uku yana neman nufin Allah, ba mafarki, ba murya, ba komai. Mai ɗakinsa tace sam, barewa bata gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abokansa kuma sunce ai Allah ne ya rama masa, ya bar su su ɗanɗana. Yace Baba me zan yi?

Salama gare ka ɗana. Sannu da wannan nauyin, na karanta saƙonka sau biyu kafin na fara rubutu, kuma ba zan ce maka abun mai sauƙi bane dan ba mai sauƙi bane. Wanda bai taɓa tsayawa gaban tokar abun da ya tara da guminsa ba, yana jin warin ƙonannen waya da fenti, bai kamata ya yi saurin ce maka ka yi haƙuri kawai ba. Kwanakin nan uku na watan Afrilu 2011 sun ci rayuka sama da 800 a jihohi 12 na arewa, an kashe Kirista an kashe Musulmi, a wasu garuruwan majami'u aka ƙona a wasu kuma kamar Zonkwa da Matsirga Musulmi ne suka fi mutuwa, kuma har yau mutane da yawa suna tafiya da ciwon a ciki ba wanda ya tambaye su.

Bari in fara da shirun da kace Allah ya yi maka. Ni a ganina ba shiru ya yi ba, tambayar da ka kai masa ce ya riga ya amsa tun kafin a haife ka. In kana tambaya ne ko ka yi wa gidan nan jinƙai ko kar ka yi, toh wannan ba sai an yi mafarki ba, Yesu ya faɗa a fili a Matiyu 5:44 da Luka 6:27-28, a ƙaunaci magabta, a yi wa maƙiya alheri, a yi wa masu cutar mu addu'a. Tun ma a Attaura, Fitowa 23:4-5, an ce in ka ga jakin maƙiyinka ya faɗi da kaya kar ka wuce, ka taya shi ɗagawa. Jaki fa, balle ɗan mutum. Mu masu bi muna da wata al'ada, abun da aka rubuta ƙarara in ya yi mana ɗaci sai mu shiga azumi a kansa, a ƙasan zuciya muna fatan ko za a ba mu wata amsa daban. Ba laifinka nake gani ba, da baka damu da Allah ba da tun a ƙofar shago ka sallame su. Amma abun da ya rage maka ka nemi bishewa a kansa shine yaya, da yaushe, da iya ina. A nan ne ake buƙatar hikima, kuma Yakubu 1:5 yace wanda ya rasa ta ya roƙa za a ba shi ba gori.

Akwai labarin da nake so ka zauna ka karanta a hankali, 2 Sarakuna 6:8-23. Sarkin Suriya ya turo sojoji da dawakai da karusai cikin dare suka kewaye garin Dotan dan su kama annabi Elisha, Elisha ya yi addu'a Allah ya rufe musu ido, ya ja su da kansa har cikin Samariya, tsakiyar birnin abokan gabansu, sannan aka buɗe musu ido suka ga inda suke. Kaga waɗannan ba baƙi bane, mutanen da suka saba kawo hari ƙasar ne, har yara suke kwashewa, yarinyar nan da take aiki gidan Na'aman shugaban sojojin Suriya a sura ta 5 a irin wannan harin aka ɗauke ta. Sarkin Isra'ila da ya gan su a hannunsa jikinsa har rawa yake, yace wa Elisha ubana in kashe su, in kashe su? Sau biyu ya faɗa. Abun da ya yi daidai a ranar shine ya tambaya kafin ya zare takobi, kamar yadda kai ma ka tambaya. Amsar da ya samu ita ce a'a, sa musu abinci da ruwa su ci su sha su koma gun maigidansu. Aka yi musu babban biki aka sallame su, kuma aya ta 23 tace maharan Suriya basu ƙara shigowa ba. Lura da abun da aka ce masa ya yi, ba a ce ya ji daɗinsu a ransa ba, ba a ce ya manta garuruwan da suka ɓata ba, abinci da ruwa aka ce. Jinƙai a Littafi Mai Tsarki kusan kullum abu ne da ake iya ɗauka a hannu, Bulus ma da ya zo maganar a Romawa 12:20 abun da ya ɗauko daga Karin Magana 25:21 kenan, in maƙiyinka yana jin yunwa ka ciyar da shi, in ƙishi ka ba shi ruwa. Kai a wurinka abincin shine sana'a, dan yaron da ya iya riƙe rodi ya haɗa ƙofa da taga shi zai ciyar da gidan nan shekara ashirin masu zuwa.

Amma kar ka tsaya a aya ta 23, ka karanta ta 24, dan bana son in sayar maka da rabin magana. Bayan haka Ben-hadad sarkin Suriya ya tara rundunarsa duka ya zo ya kewaye Samariya har yunwa ta yi tsanani. Wato alheri ba jari bane da ake sakawa ana jiran riba, yana iya juya zuciyar mutum yana kuma iya ƙin juyawa. In ka ɗauki yaron nan kana jiran ranar da ubansa zai kira ka yana kuka yana neman gafara, mai yiwuwa ranar ba zata zo ba, mai yiwuwa ma bakinsa ba zai ƙara iya haɗa magana ba. Dalilin da Yesu ya bayar daban ne, yace dan ku zama 'ya'yan Ubanku wanda yake fito da ranarsa kan mugaye da nagargaru. Garwashin wutar nan da Bulus yace a Romawa 12:20 zaka tara a kan maƙiyinka in ka ciyar da shi ma wasu suna karanta shi kamar wata dabarar ramuwa, wai ka yi masa alheri dan Allah ya ƙara ƙona shi, amma ayar da take biye ta warware, tace a rinjayi mugunta da nagarta, in akwai wuta a ciki to ta kunya ce mai kai mutum ga tuba.

Maganar abokanka kuma, wai Allah ne ya rama maka. Na san wannan maganar, a kasuwa har cewa ake rama cuta ga macuci ibada ne. Ka yi hankali da ita dan tana da daɗin ji, kuma tana zuwa da sunan Allah a bakinta. Ita ce maganar da mutanen Dawuda suka yi masa a kogon En-gedi, 1 Sama'ila 24, sarki Saul ya fito da mutum 3,000 yana farautarsa, sai ga shi ya shigo kogon shi kaɗai dan ya kewaya, bai san suna ciki ba, suka ce wa Dawuda ga ranar da Ubangiji ya faɗa maka. A sura ta 26 Abishai, ɗaya daga mutanen Dawuda, ya sake cewa Allah ya ba da maƙiyinka a hannunka yau, bari in soke shi sau ɗaya. Duk sau biyun dama ta samu sosai, kuma duk sau biyun ba nufin Allah bane. Wannan babban darasi ne ga duk mai neman bishewa, samun dama kaɗai baya nuna cewa Allah ne yace ka yi. Sannan shanyewar ɓarin jiki ciwo ne, yawanci hawan jini ne ke kawo shi, dattawan ikkilisiya nawa da matan zumunta nawa muka yi jinya muka binne da wannan ciwon, su wa suka ƙona wa shago? Ni da kai bamu da ikon karanta ciwon wani mu ce ga hukuncinsa, Yesu ya hana wannan lissafin a Luka 13:1-5, Karin Magana 24:17 kuma tace kar ka yi murna in maƙiyinka ya faɗi. In kana son ka gane muryar da kake ji a zuciya daga ina take, ka auna ta da Yakubu 3:17, hikimar da take daga sama tsattsarka ce, mai salama, mai sauƙin kai, cike da jinƙai. Wadda take ce maka bar su su ɗanɗana, ka duba ko ta shiga wannan ma'aunin.

Yanzu ga inda nake so in tsaya wa madam, dan ba rashin bangaskiya ke damunta ba. Ita ta san kwana nawa aka yi ba a ɗora tukunya ba bayan gobarar, ita ta ji muryar masu bin bashi a ƙofar gida, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma dole ya ja da baya. Kuma tana da gaskiya a abu ɗaya, gafara daban amana daban. Gafara kyauta ake bayarwa ko mutum ya nema ko bai nema ba, ita amana gina ta ake a hankali. Koma gun Dawudan nan, bayan ya bar Saul da rai, Saul ya yi kuka ya kira shi ɗana, amma ƙarshen sura ta 24 tace Saul ya tafi gida Dawuda da mutanensa suka hau mafakarsu, bai bi shi fada ba. A karo na biyu ma daga can tsallaken dutse ya yi magana, mashin sarki kuma yace a turo saurayi ɗaya ya zo ya karɓa. Ya ji ƙansa amma bai miƙa masa wuyansa ba. Yesun da yace a ƙaunaci magabta shine yace a zama masu wayo kamar macizai marasa ɓarna kamar kurciyoyi, Matiyu 10:16. Dan haka duk wanda yace maka in ka gafarta da gaske sai ka ba yaron makullin shago ranar farko, ba daga Littafi ya samo ba. Haka nan gafara bata soke shari'a, Romawa 13:4 ta ba hukuma aikin hukunta mai laifi, abun da aka hana ka shine ka zama kai ne alƙali kai ne mai zartarwa.

Inda ban yarda da ita ba shine maganar barewa. Yaron nan lokacin da ake ƙona shagonka ko wando bai iya sa wa kansa ba. Ezekiyel 18:20 tace ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, kuma akwai sarki Amaziya a 2 Sarakuna 14:5-6 da ya hukunta waɗanda suka kashe ubansa amma bai taɓa 'ya'yansu ba saboda abun da aka rubuta a Shari'a. In muka fara lissafa yara da laifin iyayensu a ƙasar nan ba wanda zai tsira, har da namu, dan kamar yadda na faɗa jinin bai zuba ta gefe ɗaya ba. Kuma in zuciyarka ta fara ce maka ai duk haka suke, ka tuna da Malam Abubakar Abdullahi, wanda a watan Yuni 2018, lokacin yana limamin Nghar a ƙaramar hukumar Barkin Ladi, ya ɓoye mutane sama da 200 yawancinsu Kirista a masallacinsa da gidansa, ya tsaya gaban 'yan bindiga ya ƙi fito da su. Wanda ya cuce ka mutum ɗaya ne mai suna, ba unguwa bace, ba addini bane, ba kuma yaron nan bane.

Zaka ce to zuciyata fa, har yanzu in na tuna sai in ji abu ya tokare min ƙirji. Eh zai yi, kuma wannan baya nufin gafararka ta ƙarya ce. Akwai wata mama a ikkilisiyar da na taɓa riƙewa, an kashe mijinta a wani rikici, in muna addu'ar Ubangiji tare muka zo wurin ka gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, daga kan bagade ina ganin bakinta ya rufe, sai an wuce wurin ta ci gaba. Ta fi shekara biyu a haka. Da na tambaye ta tace Baba bazan yi wa Allah ƙarya ba. Ban matsa mata ba, nace ta dinga faɗa masa hakan yadda yake, Zabura cike take da mutanen da suka kai wa Allah fushinsu ba kwaskwarima, karanta ta 109 ka gani, abun da ya bambanta su shine gun Allah suka kai ba gun mai adda ba. Abun da ta fara yi ba wani babba bane, a kasuwa akwai matar da ta daina saye a gunta saboda daga unguwar da maharan suka fito take, wata rana ta tsaya ta sayi daddawa da kuka a gunta suka gaisa. Daga baya ne bakin ya buɗe a addu'a. Ƙafa ce ta fara tafiya zuciya ta biyo, kuma a shekarun da na yi ina wannan aikin haka na fi gani. Hananiya ma a Ayyukan Manzanni 9, da aka aike shi gun Shawulu wanda daga baya aka sani da Bulus, sai da ya faɗa wa Ubangiji tsoronsa, yace na ji irin muguntar da mutumin nan ya yi wa tsarkaka a Urushalima, amma ya tashi ya tafi gidan, ya ɗora masa hannu ya kira shi ɗan'uwa Shawulu. A Kaduna ga Fasto James Wuye nan, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, sun haɗu a 1995 suka fara aiki tare, kuma Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya ɗauki shekaru suna tafiya tare ƙiyayyar bata bar shi ba. Bai jira ta fita kafin ya fara ba.

Tunda ka tambaye ni kai tsaye, ni shawarata ka ɗauki yaron. Amma ba gobe da safe ba, kuma ba a bayan idon madam ba. Ka zauna da ita ba da ayoyi a hannu kamar mai shari'a ba, ka bar ta ta faɗi abun da take tsoro har ƙarshe, ku yi addu'a tare ko sati biyu ne, dan jinƙan da zai gyara gidan wani ya rushe naka ba a yi shi da hikima ba, 1 Bitrus 3:7 ma tace rashin zama da mace da fahimta yana tare addu'a. Ka sanar da fastonku da dattijo ɗaya ko biyu da suka san unguwar, shawara tana daga cikin hanyoyin da Allah yake bishe da mutum, Karin Magana 15:22. In an yarda, a yi shi yadda ake ɗaukar kowane yaron shago, uwarsa ta zo da wani babba daga danginsu ko mai unguwa ya zama shaida, a faɗi lokacin zuwa da na tashi da shekarun koyo, a ce wata uku na farko gwaji ne. Ya fara da shara da ɗauko ƙarfe da goge tsatsa kamar kowa, makulli da kuɗin ciniki suna hannunka har sai ya nuna halinsa, in ya yi laifi ka hore shi kan laifinsa shi kaɗai, ranar da ya lalata maka aiki zaka ji maganar 2011 ta zo bakinka, ka haɗiye ta. Kar ka bari sauran yaran shagon su dinga yi masa gori. Lokacin sallarsa ya yi ka bar shi ya je, kar ka mai da koyon sana'ar ya zama tarko, in ya tambaye ka wata rana me yasa ka ɗauke shi sai ka faɗa masa gaskiya saboda wa ka yi.

In kuma kun yi addu'ar madam tace har yanzu ba zata iya ganinsa kullum a shagon ba, kar ka tilasta mata, kar kuma ka ce shikenan an rufe magana. Kana da abokan sana'a, ka kai shi gun wanda ka yarda da aikinsa, ka tsaya masa, ka biya abun da ake biya ka sai masa tabarau na walda da safar hannu. Wannan ma abinci da ruwa ne.

Uban kuma, ban ce lallai ka je yau ba. Amma ka fara ambaton sunansa a addu'a, sunansa na gaskiya ba wancan mutumin ba, ko da farko abun da zaka iya cewa bai wuce Ubangiji ga wane nan ba. Ranar da ka ji zaka iya, ka tafi da dattijo ɗaya, ka riƙe ɗan abun dubiya ko lemo ne ko sabulu, ka zauna ka ce sannu ya jiki, ba wa'azi ba tone-tone. In shi ya ɗauko maganar kar ka ce ba komai, dan da komai, ka ce masa ka ji zafi ƙwarai kuma ka yafe. Ka sake rubuto min bayan kun yi magana da madam, ka gaishe min da ita da yara, ni da mama zamu sa ku a addu'ar safe.